Fitilun da Kawu ya ɗaura wa motar surukinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu da hantsi ranar kasuwar Dakoro, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da yake ranar kasuwa ce, jama'a ta taru fiye da yadda ƙofarsa ta gani cikin shekarun nan. Wasu da igiyar akuya a hannu suka shiga sahu.

A zaman makoki na sami gefen tabarma na zauna, na buɗe kunne. Wani mai tebur ya ce, "Mutumin kirki, ba a taɓa jin muryarshi sama ba." Wannan ƙarya ce. In Kawu ya yi tsawa a garaji, mata a bakin rijiya suna ɗaga kai. Wani dattijo ya ce, "Allah ya ba shi suruki na gari, ya hutar da shi tun da sauran ƙarfinshi." Kowa ya ce ƙwarai, ƙwarai. Surukin, wato Alhaji mijin ɗiyarsa ta fari, yana zaune a gaba cikin farar riga, ya sunkuyar da kai kamar an ɗora masa rawani.

Tsohon kafinta na bakin tasha, abokinsa tun samartaka, yana gefe. Ya roƙi ruwa, aka ba shi, ya riƙe kwanon bai sha ba, hawaye na ɗiga a ciki. Can kuma sai ga wani Buzu daga wajen Azagor, ya shigo kasuwa ya ji labari. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya kwance wani tsumma, ya fiddo matacciyar tocila, ya ce, "To yanzu wa za shi duba mini wagga?" Samari suka ƙunshe dariya. Ni a ganina duk cikin taron shi kaɗai ya yi ta'aziyyar da Kawu zai karɓa.

Da na shiga cikin gida gaida mata, ɗiyar tasa ta fari, taubashiyata, ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kai ma ka zo? Bayan abin da ka hwaɗa mishi?"

Na ce, "Na zo, uwar gida. Ko bawa yana zuwa makokin ubangidanshi."

Ta ce, "Bakinka dai ba ya mutuwa." Ta turo mini fura da ƙafa, ta juya fuska.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, washegari a tasha na ce wa samarin shofer, masu tuƙin mota, an yi rashi, sai ɗaya ya ce, "Wane? Makahon nan na ƙofar tsohon garaji?" Iyakar abin da suka sani ke nan. Ni lakwal, wato makarantar boko, a tsakiya na bar ta, rubutuna karkatacce ne, amma babu wani da zai rubuta. To ga shi.

Kawu ya koyi aikin wayar mota tun zamanin Nasara, a garajin wani kamfanin gyaɗa a Maraɗi. Ya dawo Dakoro lokacin da motocin garin ba su kai yatsun hannu ba, ya kafa rumfa kusa da tasha. Motar kumandan mai mulkin garin, motar likitan dabbobi, injin niƙa, rediyon masu hali, tocilan makiyaya, duk wurinsa suke ƙarewa. Ba ya taɓa injin mota. In ka kawo masa maganar inji sai ya ce, "Ni ba mahauci ba ne, kai ta wurin masu buɗe ciki." Nasa waya ne da batir da fitila.

Yana da ɗabi'u da ba a canza masa. Duk motar da ta shigo rumfarsa sai an juya hancinta gabas, ko da kuwa turawa za a yi. Kuma ba ya cewa hagu ko dama. "Mota ba ta da hannu," in ji shi. "Damarka da tawa ba ɗaya ba ne in muna kallon juna. Amma arewa arewa ce ko ga jaki." Saboda haka a bakinsa fitilar arewa ce da fitilar kudu, ƙofar arewa da ƙofar kudu. Mu duka da muka zauna ƙarƙashinsa haka muka tashi muna faɗa, har a Maraɗi ana yi mana dariya.

In ya haɗa waya biyu, ba ya yarda da murɗawa kawai. Sai ya naɗe wurin da robar cikin taya da ya yanka siri-siri, sannan ya ɗaure da zaren saƙa, ɗauri irin na bakin salka. Ko a ina ka ga haɗin nan ka san hannunsa ne. Ba ya cin goro yana aiki, ba ya amsa sallama in waya na bakinsa, kuma ba ya yabon kowa. Ranar da aka kore ni daga lakwal, mahaifina ya ce kada in kwana gidansa. Kawu ya zo ya tsaya a ƙofa, bai yi sallama da kyau ba ma, ya ce, "Ba ni shi, ina da tsintsiya babu mai riƙewa." Ya ciyar da ni har na yi gemu, shi ya sa aka koya mini tuƙi, kuma tun daga ranar har ya mutu bai kira ni da wani suna ba sai ɗan lakwal. Ban taɓa sanin ko zagi ne ko a'a ba.

Ƴan shekaru bayan Nasara sun miƙa mulki, Alhaji ya sayi bashe, ƙaramar motar kaya mai rumfar tanti a baya, ta hannu. Ni ne shofer ɗinta, lokacin ina da mata da ƴaƴa. Muna kai gero da wake Maraɗi, mu dawo da sukari, atamfa da kananzir, wani lokaci mu miƙa arewa ɗaukar kanwa da gishiri. Kanwar nan da fitsarin tumaki su suka cinye akwatin bayanta. Ƙarfen ya zama kamar ganye, har wata rana ƙafar wata tsohuwa ƴar Adjekoriya ta burma, na ji ihu na tsaya. Alhaji ya ce a cire shi a yi sabo.

Kafinta da maƙeri suka haɗa sabon akwati na katako mai kauri, da ƙarfe a kusurwoyi. An yi masa ƙananan akwatuna a gefe biyu na ajiye kayan gyara da igiya, da wurin ɗaure garwar ruwa, da maratayin taya. Abu ne mai kyau, ba na hana su. Saura fitilun baya: ta dare, ta birki, da masu ƙyaftawa da ke gaya wa na bayanka inda za ka juya. Wannan aikin Kawu ne, babu ma wanda ya yi tunanin wani.

Sai dai a lokacin idon Kawu ya riga ya tafi, ko ya kusa. Matarsa ta sani. Ni na yi zato. Na lura ya daina cewa miƙo mini jar waya ko baƙa, sai ya ce miƙo dukansu, ya shafa. Na lura sai mutum ya yi magana yake kiran sunansa. Yana zuba shayi yana karkata kunne wajen kofin. Amma cikin rumfarsa babu mai gane komai, don ya san mazaunin kowane ƙusa. A gari ba a sani ba, kuma shi duk abin da yake tsaro ke nan. Ya san garinsa: ranar da aka ce mai waya ba ya gani, ranar aikinsa ya ƙare.

Aka kawo sabon akwatin rumfarsa, aka kifa shi a kan gangunan mai, cikinsa ƙasa, gindinsa sama, don a ji daɗin bin waya ta ƙarƙashi. Motar na gefe tsirara, hancinta gabas. Kawu ya zagaya akwatin yana bubbuga katakon.

Ya ce wa kafinta, "Kai ka ƙara mini aiki."

Kafinta ya ce, "Ni kuma? Da mi?"

"Tsohon na ƙarhe ne. Wuta in ta je fitila, ta jikin ƙarhen take komawa gida. Naka icce ne, wuta ba ta bin icce. Kowace fitila sai na yi mata hanyar zuwa, in yi mata ta komowa. Ka mai da ni mai aurar da ƴaƴa, in kai amarya in kuma rako ta ganin gida."

Kafinta ya ce, "To in mai da shi ƙarhe?"

"Da wane hannun? Kai da ƙofar masallaci ma sai an ɗaga ta take rufuwa."

Haka suke tun suna samari.

Na ga yadda ya yi aikin, don motata ce, ba ni da wurin zuwa. Tun da launi ya daina yi masa amfani, sai ya koma ƙulli. Wayar fitilar arewa ƙulli ɗaya a bakinta, ta kudu biyu, ta birki uku, ta dare babu ƙulli. Wayoyin komowa ya tara su wuri guda ya ɗaure a ƙashin motar da ƙusa mai kauri, bayan ya kankare tsatsa har ƙarfen ya yi santsi a yatsa. Ya huda katakon gicciye, ya sa guntun roba a kowane rami don kada girgizar hanya ta yanke waya. Sannan ya haɗa wayoyin duka ya naɗe su dami ɗaya, ya bi da su ta tsakiya, inda kofaton rago ko bakin buhu ba zai kai ba. Ya ƙara wata ƴar fitila da babu wanda ya ce ya sa, a cikin rumfar tantin, sama da inda fasinja ke zama.

Na ce, "Kawu, wannan fa? Alhaji bai ce ba."

Ya ce, "Alhaji gaba shike zama. Macen da ɗanta ya ɓata zane a hanya, da mi za ta gani? Da haƙoranka?"

Aiki ne mai tsabta. Har yau ban ga wanda ya fi shi ba, kuma na ga na Maraɗi na ga na Katsina. Kuskure ɗaya ne a ciki. Akwatin a kife yake lokacin da ya yi ƙulle-ƙullensa. Da aka tara ƙarti aka birkice shi aka ɗora a kan mota, gefen da yake arewa ya koma kudu, na kudu ya koma arewa. Da idonsa ne, da kallo ɗaya ya isa. Amma wayoyin sun fito daga dami ɗaya a tsakiya, babu abin da zai gaya wa yatsa daga wane gefe kowace ta taso. Ya haɗa mai ƙulli ɗaya da mai ƙulli ɗaya, mai biyu da mai biyu, ya naɗe, ya ɗaure da zarensa.

Da la'asar aka yi gwaji. Mutane sun taru, don sabon akwatin mota abin kallo ne a Dakoro ta lokacin. Alhaji ma ya zo, amma bai shigo rumfar ba. Ya tsaya can gindin itacen bedi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa daga nesa. Kawu ya amsa yana kallon wani wuri. Tun da aka ɗaura auren nan ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, kuma ɗayansu bai taɓa kama sunan ɗaya ba. Mijin ɗiyar fari ne. In suna da magana, ni nake ɗauka in kai, ko da tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

A sauran ranaku, in babu kowa, na sha ganin Kawu ya dafa tafin hannunsa a kan gilashin fitila yana jiran ɗumi. Ranar nan bai yi ba. Gaban jama'a da gaban suruki, ba zai shafa fitila kamar mai lalube ba. Ya tsaya bayan motar ya goya hannuwa a baya, ya ɗaga haɓa.

"Ɗan lakwal, taka birki."

Na taka.

"Ta kama?"

Jama'a suka ce, "Ta kama, Baba."

"Ta dare."

"Ta kama."

"Ba ni ta arewa."

Na ɗaga sandar kunna masu ƙyaftawa. Sai na ji shiru irin wanda ban so ba. Na bar ta tana ƙyaftawa na sauko. A gaba ta arewa ke ƙyaftawa. Na zagayo baya, ta kudu ke ƙyaftawa. Kawu kuwa yana tsaye, fuskarsa a kan ta arewa wadda take a mace, yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Ta kama ko?"

Sai kafinta ya ce a hankali, "Ta kama." Ba ƙarya ya yi ba. Wata ta kama.

Kawu ya ce, "Madalla. A gaya wa mai mota aikinshi ya ƙare."

Na buɗe baki, sai na hangi Alhaji daga gindin bedi ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Na rufe. Kowa a wurin ya ga abin da na gani, kuma kowa ya gane ba fitila kaɗai ya gani ba. Suka yi ta sa albarka. "Hannu dai na nan, Baba." "Allah ya ƙara lahiya." Aka watse da wuri.

A zaurensa Alhaji ya ce mini, "In ka tahi Maraɗi ka sa a musanya su. Kada Baba ya ji. Daga yau kuma duk abin da ya sami motar na waya, can za a yi."

Na ce, "Waya biyu ce, Alhaji. Shi da kanshi zai gyara kafin shayi ya tafasa. A gaya mishi kawai."

Ya ce, "Wa zai gaya mishi? Ni? In dubi uban matata in ce mishi ba ka gani?" Ya girgiza kai. "Ya yi aiki ya gaji. Lokacin hutunshi ne. Ni zan ɗauki gidan."

Kada a ce na zalunci Alhaji a rubutun nan. Ya ɗauki gidan, bai fasa ba ko sau ɗaya. Kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, kunya ce, irin wadda aka koya mana duka muka kuma yi alfahari da ita.

Na tafi Maraɗi, kakar gyaɗa ce, garaji cike da kamiyo, wato manyan motocin kaya, mai wayar can ya ce in dawo wani mako. Ni kaina zan iya musanya su, amma sai na yanke ɗaurin Kawu, kuma kullum na dawo gari sai ya bi ƙarƙashin motar da hannu yana duba haɗinsa. Na bar su. Na riƙa fidda hannu ta taga kamar mai keke. Sau ɗaya na manta, wajen Sabon Maci, na ɗaga sandar zan ratse in sauke wata mata. Wani kamiyo na bayana ya ga fitila ta ce ɗaya gefen, ya kutso ta inda zan shiga. Allah ya tsare, madubi kawai ya tafi. Shofer ɗin ya sauko ya zagi uwata da kakata, kuma da gaskiyarsa.

Kafin in yi zuwa biyu labari ya gama Dakoro, ba tare da kowa ya faɗe shi da ƙarfi ba. Motar kumandan ta daina zuwa. Ta likitan dabbobi ta daina. Mai injin niƙa ya aika Maraɗi aka zo masa da wani yaro. Gaisuwa kuwa ta ƙaru. Mutanen da da sai su wuce rumfar da ɗaga hannu, yanzu sai sun tsaya sun durƙusa, ina kwana Baba, ina gajiya Baba, yaya ƙarfin jiki. Ana aiko masa da goro, ana aiko masa da fura. Waya dai babu mai kawowa.

Wata safiya na same shi zaune a kan gangar mai, awartaki a cinya, ya share rumfar har ƙasa ta yi sheƙi. Ya ce, "Ɗan lakwal, mi ya sami garin nan? Motoci sun daina lalacewa?"

Na ce, "Ba su daina ba."

"To?"

Na ce, "Kawu, fitilun bashe a juye suke. Gaba ta ce arewa, baya ta ce kudu. Ranar gwaji ka tsaya kana kallon matacciyar fitila kana cewa madalla, gari duka na kallonka. Kowa ya san ba ka gani. Shi ya sa."

Ban sassauta ba, don ban iya ba.  Sannan ya jefo awartakin wajen muryata. Ya sami wata ganga, ta yi ƙara kamar an buga tambari.

"Fita mini! Ɗan da uwarshi ta rasa inda za ta kai shi! Ni na ɗauke ka daga bakin titi, yau kai za ka auna mini ido?"

Na ce, "Ba ni na birkice akwatin ba."

"Fita!"

Na fita. Kwanaki ba mu yi magana ba. Matarsa ta aiko a gaya mini ya daina cin tuwo, kuma in na sake taka gidan za ta watsa mini ruwan zafi. Taubashiyata ta aiko da nata saƙon, wanda ba zan rubuta ba.

Ranar da ya neme ni, bai aiko kowa ba. Da kansa ya zo tasha da rana tsaka, da sanda a hannu. Ranar aka fara ganinsa da sanda. Ya tsaya tsakiyar fili ya ɗaga murya, "Ina ɗan lakwal? Kawo motar nan. Hanci gabas."

Na kai ta. Ya kwanta ƙarƙashi, ya yanke zarensa, ya kwance roba, ya musanya wayoyin, ya naɗe, ya ɗaure. Ya fito ya zagaya baya, ga mutane sun fara taruwa. Wannan karon bai goya hannu ba. Ya dafa tafinsa a kan fitilar arewa gaban kowa.

"Ba ni ta arewa. Bar ta ta daɗe."

Na bar ta. Ya jira har gilashin ya yi ɗumi. Ya koma ta kudu, ya sa na ba shi ita, ya jira. Ya zagaya gaba ya yi haka. Wani ya ce, "Ta kama, Baba." Kawu ya ce, "Ban tambaye ka ba. Ran nan ma haka kuka ce."

Da ya gama ya ce in riƙe masa sanda ta ɗaya bakin, in kai shi gidan Alhaji. Na ce, "Kawu, gidan surukinka?" Bai taɓa taka ƙofar ba, ko ranar suna. Ya ce, "Ja mu tahi."

Muka ratsa kasuwa haka, ni gaba shi baya. Alhaji na zaure da baƙi ƴan Nijeriya ana maganar wake. Kawu bai tsaya a waje ba, ya sa kai ya shiga, ya tsaya a tsakiyar tabarma da takalminsa.

Ya ce, "Mai mota, ni ne. Ba ni gani, gaskiya ne. Na yi kuskure a motarka, na gyara, a je a duba. Hannuna na nan, kaina na nan. Abin da nike buƙata mutum ɗaya mai ido da zai gaya mini gaskiya in na tambaya. Ka mai da mini aikina. In kuwa ba za ka mayar ba, ka hwaɗa mini da bakinka, yau, in ji."

Babu amsa. Ya sake cewa, "Ina jinka."

Alhaji tun kalmar farko ya zame ta ƙofar cikin gida, ko takalmi bai ɗauka ba. Kawu da bango yake magana, da baƙi uku da suka rasa inda za su sa idonsu. Na bar shi ya ɗan jira, sannan na ce, "Kawu, ya shige ciki."

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun da ka ce ni ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa baƙin su yi haƙuri ya katse musu ciniki. Muka koma.

Da yamma aka kawo masa buhun gero da sabuwar riga daga gidan Alhaji. Amsar ke nan. Haka aka ci gaba, kowace kaka buhu, kowace salla riga. Kawu ya ce ana kiwonsa kamar ragon da ba a yi niyyar yankawa ba. Yana ci, don yunwa ba ta san fushi ba, amma rigunan a akwati suka tsufa.

Aikin bai dawo ba. Kullum da safe sai ya je rumfar ya share ya zauna. Makiyaya da ba su san an sallame shi ba suna kawo tocila da rediyo ranar kasuwa, ya gyara musu da yatsa da harshe. Ni kuma in fitilar bashe ta mutu, ina kai masa ba tare da na gaya wa Alhaji ba, Alhaji ma ya sani bai tambaya ba. Daga baya aka sayar da motar ga wani mutumin garin Tawa, na koma tuƙa kamiyon wani, wanda ba shi da suruki a Dakoro kuma ba ya son jin labarin makaho. Rumfar ta faɗi a wata damina, ba a tashe ta ba. Ya koma zama a kan dakalin ƙofar tsohon garajin nasa. Nan samarin yanzu suka san shi.

Cikin ciwonsa na ƙarshe na je duba shi da hantsi. An fito da shi inuwar zaure, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Masu dubiya na shiga suna fita, kowa da ya jiki Baba, Allah ya ƙara sauƙi Baba. Da suka ragu na ce, "Kawu, ka lalace."

Ya yi wata ƴar dariya da ta koma tari. Ya ce, "Ɗan lakwal ne. Zauna."

Na zauna. Yatsunsa na murza bakin bargo kamar mai neman ƙulli.

Ya ce, "Duk garin nan kai kaɗai ka zage ni. Sauran tun ranar nan suka rufe ni da gaisuwa, yanzu gawar kawai suke jira."

Na gyara zama.

Ya ce, "Kada kanka ya kumbura. Kai ma ba don Allah ka hwaɗa ba. Don kai ke cikin motar ne, kamiyo ya kusa take ka."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To. Ko hakan ma an gode." Sannan ya ce in gyara masa matashi, in juya shi, rana ta fara cin ƙafarsa ta kudu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa da namu sanyin bakin. Allah ya haskaka masa inda yake kwance, ya sa can a amsa masa in ya yi tambaya. Amin.